Ƙafar Aro

Mai Aski ya shafe sama da shekara arba'in a tsaye yana sauke wa mutane suma, ko targaɗe bai taɓa yi ba, sai ga shi ruwan goge daɓe ya kayar da shi a tsakiyar shagonsa. Ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe, aka sallamo shi ya koma gida, a saman bene, daidai kan shagon. Daga kan gadonsa yana jin mutane suna taɓa ƙofar shagon su tarar da kwaɗo su wuce.

Matarsa, wadda kowa a ginin yake kira Inna har da waɗanda suka girme ta, ita ce ta ɗauki jinya. Babbar 'yarsu kuwa, da ƙanne suka riƙa kira Yaya har sunan ya bi ta, ta zo daga garin da take aure ta yi 'yan kwanaki, kuma kafin ta koma ta faɗi magana ba kwana-kwana, don ita haka take tun tana ƙarama. Ta ce in Baba bai taka ba, za ta zo ta ɗauke shi ya koma wurinta, kusa da babban asibiti. Inna ta san gidan. Ɗaki biyu ne, ga yara, ga uwar miji da ta riga ta kama ɗakin yaran. Lungu ɗaya ya rage a falo, wanda siririn gado zai shiga da ƙyar. Babu wanda ya ce da Inna ba za a je da ita ba, amma ba yarinya ba ce da za a tsaya yi mata bayani. Tun da aka kawo ta gidan mutumin nan ba su taɓa kwana a gari daban-daban ba, kuma ta tabbata in aka fita da shi ta ƙofar nan a mota, ba dawowa zai yi ba.

Likitar gashin ƙashi ta zo, wata doguwar mata mai saurin magana, ta kawo ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da wani baƙin madauri mai ɗan akwati kamar na ashana, wanda ake ɗaurawa a saman gwiwa. Ta sa manhaja a wayar Inna. In an ɗaura madaurin an taɓa wayar, sai wani ɗan mutum ya fito yana ɗaga ƙafa, wata murya tana ba da umarni. Duk motsin da ƙafa ta yi madaurin zai ji, ya kai rahoto wayar likita, ya kuma kai ta Yaya. In an yi daidai ɗan mutumin ya zama kore, in an gaza ya zama ja. Likita ta ce marasa lafiya sun yi mata yawa, waɗanda suka yi ja su za ta fi leƙawa. Ta kuma ce abin zai yi zafi ƙwarai, amma ko ana ha maza ha mata kada a bar ƙafar nan ta kwanta. Inna ta gyaɗa kai, a ranta tana cewa yaran yanzu ba su san tausayi ba.

Mai Aski ya raɗa wa muryar suna Saja, don ba ta san sannu ba, ba ta san ya jiki ba, sai ɗaga, sauke, sake. Wannan ce dariyar ƙarshe da ya yi a satin. Kullum safiya Inna takan ɗaura masa madaurin, Saja ta ce ɗaga, shi kuma ya cije leɓe, gumi ya wanke masa fuska, ƙafar ta ɗan motsa kamar ta wani. Ɗan mutumin ya yi ja wur. Kafin a kwance madauri Yaya ta kira, da muryar nan tata ta mai ƙoƙarin haƙuri, tana tambayar ko Baba yana yi kuwa da gaske.

Ranar da abin ya ɓaci, yana cikin ɗagawa sai Inna ta ji wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ta duba ta ga kuka yake yi. Mutumin da ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu bai bari ta ga hawayensa ba. Hankalinta ya tashi. Ita dai abin da ta sani a duniya shi ne, abin da ya karye ba a jijjiga shi. Ko kofi ka liƙa, ajiye shi kake yi a gefe sai ya kama. Ta kwance madaurin tana faɗa, ta ce wataƙila ma na'urar ce ta lalace suke ta azabtar da bawan Allah a banza. Don ta tabbatar, ta zauna a bakin gado ta ɗaura a ƙafarta, ta ɗaga, ta sauke, ta sake.

Ɗan mutumin ya yi kore shar. Saja ta ce, “Madalla.”

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Yaya ce, kuma ita ma kuka take yi, amma na murna. Ta ce ta san Babanta ba rago ba ne, ta ce ta nuna wa abokan aikinta, ta ce yau za ta iya cin abinci. Inna ta buɗe baki za ta gyara zance, sai ta kalli mijinta. Yana kwance da jiƙaƙƙiyar fuska, ya girgiza mata kai a hankali. Ta ce, “Alhamdu lillahi, 'yar nan,” ta kashe wayar.

Ba su zauna sun ƙulla za su yi ƙarya ba, kuma duk wanda ya ce mugunta ce bai san su ba. Yarjejeniyar ita ce, Inna ta riƙe masa madaurin zuwa lokacin da raɗaɗin zai lafa, ƙashi ya huta ya kama, sannan ya karɓi abinsa. Kwana kaɗan ne. Kamar yadda take riƙe masa shago in ya je jana'iza, ta ce wa masu zuwa su zauna yanzu zai dawo.

Abin takaicin shi ne sun iya. Mai Aski mutum ne mai ido, wanda zai hango gashi ɗaya da ya fi 'yan'uwansa tsawo daga bakin ƙofa, sai ya zama shi ne mai horarwa. Ya jingina da matashi yana kallonta yana gyara mata. Ya ce ta cika rawar jiki, wane mai karaya ne yake ɗaga ƙafa kamar ɗan ƙwallo? Ta rage. Ya ce ta riƙa ɗan tsayawa a tsakiya kamar mai jin zafi, wani lokaci ma ta bari a yi ja sau ɗaya don kada abin ya yi kyau da yawa. Ta koyi ɗingishinsa, ta koyi nishinsa, har ya ce ita ta fi shi iya karaya. Suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba, yana kiranta Tsohuwa, tana ce masa ragon maza. Inna ba za ta yi musu ba, kwanakin nan sun yi mata daɗi, don tun da yara suka watse ba su taɓa samun wani abu da yake nasu su biyu kaɗai ba.

Ita kuwa Saja ba ta san tsayawa ba. Da ta ga ƙafa ta iya ɗagawa a kwance, sai ta ce a tashi daga kujera a zauna. Da aka iya wannan, ta ce a yi tafiya daga ɗaki zuwa kicin a dawo. Inna ta riƙa tura ƙarfen dogarawa a gabanta tana bin baranda, shi kuma yana daga gado yana ce mata ta ja ƙafar hagu. Likita ta kira ta waya mai hoto, ya zauna ya gyara gemu tsaf, ya sa farar riga, ya ce jiki da sauƙi. Ta yaba masa, ta ce da duk tsofaffinta haka suke da ta huta, kuma ta soke zuwan da ta shirya yi, za ta je wurin waɗanda suke ja. Da aka kashe wayar suka kalli juna kamar yaran da suka tsere wa bulala.

Kullum in ta tambaye shi yaushe zai karɓa, sai ya ce gobe. Ita ma ba ta matsa ba, don ba ta son ta sake jin wannan sautin daga ƙirjinsa.

Wata safiya tana canza masa wando, hasken taga ya faɗo kan ƙafafunsa, ta tsaya da wandon a hannu. Kullum tana ganin ƙafar nan, shi ya sa ba ta gan ta ba. Cinyar ta zube, fata ta saki, gwiwa ta fito ƙato a tsakiya kamar ba tasa ba. Ta kama diddigen ta ja a hankali don ta miƙar, ƙafar ta zo rabi ta ƙi. Ta ƙara ja, ya yi ƙara ya buge mata hannu. Gwiwar ta sandare a lanƙwashe, yadda yake ajiye ta a kan matashi tun ranar da ta karɓe masa aiki. Inna ta gama sa masa wandon, ta shiga kicin, ta kunna famfo don kada ya ji, ta yi kuka har ta gode Allah. Tsoro ne ya kama ta, don a lokacin ta tuna maganar likita kalma bayan kalma.

Ta yanke shawarar ta janye a hankali. Washegari ta ƙi ɗaura madaurin, jibi ta ɗaura ta yi da gangan aka yi ja. Kafin rana ta yi tsaka Yaya ta kira hankali a tashe, ta ce me ya faru, ko ya sake faɗuwa ne ake ɓoye mata? Ta ce in ciwon ya dawo baya ba za ta jira ba, za ta nemi mota a ƙarshen mako. Inna ta ce mura ce kawai ta ɗan taɓa shi. Da yamma ta ɗaura madaurin ta yi wa Saja duk abin da take so.

Daga nan sai aiki ya zama biyu. Ta yi na waya da safe, sannan ta ɓoye wayar a ƙarƙashin matashi ta juyo kan mijinta. Ta roƙe shi, ta lallashe shi, ta yi masa gori, ta haɗa shi da Allah. Ta sa kafaɗarta a hammatarsa ta ɗaga shi, ya kama ƙarfen dogarawa, ƙafar mai ciwo tana reto, yatsu kaɗai ke taɓa ƙasa. In ta ce ya taka, sai ya taka da mai lafiyar ya ja ɗayar, kafin su kai ƙofar ɗaki numfashinsa ya ƙare. Rannan ya zube mata a jiki suka tafi ƙasa tare, suka daɗe a daɓe ba mai iya ɗaga wani. A nan ƙasa suka yi faɗan da ba su taɓa yi ba. Ya ce ita ta fara ɗaurawa, ta ce shi ya girgiza kai. Ya ce da ta bar shi ya yi kukansa da yanzu ya wuce wurin, ta ce da ya kasance namiji da bai yi kukan ba. Maganar tana fita ta yi da-na-sani, amma ta riga ta fita, kuma yinin ranar bai ci abinci ba.

Sau da yawa takan ɗauki waya ta nemo lambar likita, ta zuba mata ido. Ta san abin da za ta ce, ta ma tsara shi a ranta. Amma ta san abin da zai biyo baya: likita ta gaya wa Yaya, Yaya ta zo da mota. Sai ta ajiye wayar ta ce bari ta ƙara masa mako ɗaya, wataƙila gwiwar ta saki. Ta shafa mai, ta gasa da ruwan zafi, ta yi addu'a. Gwiwar ba ta san ana yi ba.

Ana cikin haka Saja ta ce lokacin matakala ya yi. Inna ta rage muryar wayar, ta sa ta a aljihun doguwar rigarta, ta riƙa sauka tana hawa da madauri a ɓoye. In ta haɗu da maƙwabta sai ta ce mantuwa ta yi, ta bar abu a sama, har wata maƙwabciya ta fara ce mata tsufa ya zo. A bakin shago kuma kullum akwai wani tsohon direba, aminin Mai Aski, wanda ya rantse ba mai taɓa kansa sai abokinsa ya sauko, sumarsa ta yi buya-buya har jikokinsa suna yi masa dariya. Yakan tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, ta yi sauri ta haye kafin ya nemi hawa ya duba shi. Ta hana kowa shiga da cewa likita ta ce a bar shi ya huta.

Sai ga kiran da take tsoro. Yaya ta ce ta ga Baba ya gama matakala, likita ma ta ce an kusa karɓar madaurin a ba wani. Za ta zo ranar hutu da yamma, ta riga ta yi waya da direba ya tara abokai su share shago, tana so ta ga Babanta ya sauko da ƙafarsa ya kama almakashi. Ta ce ta fasa maganar ɗauke shi, har ta sayar da siririn gadon da ta tanada.

Abin da suka yi ta nema ke nan, an ba su a hannu, kuma ba mai iya kallon wani. Can Mai Aski ya ce ta ɗauko masa rigar aikinsa ta goge. Ta tambaye shi me zai yi da ita.

Ya ce, “Sauka zan yi.”

“Da wace ƙafar?”

“Akwai ƙarfen riƙewa a gefe. In na kai ƙasa, mun zauna a gidanmu. In kuma na faɗi, tsoho ne ya zame a matakala, ba wanda zai tambayi komai, ba wanda zai ce ke kika yi.”

Ta ce wallahi bai isa ba, ta ce ƙashin da aka ɗinke da ƙarfe in ya sake karyewa ba tashi zai yi ba. Ya ce ya sani. Yadda ya faɗi kalmar nan a natse shi ya fi komai tayar mata da hankali, don ta gane ba yau ya fara tunanin ba.

Ranar hutu da safe ta ɗaura madaurin ta fita matakala, don in ba a ga kore ba Yaya za ta kira daga hanya. Tana tsakiyar hawa ta ji an buɗe ƙofar ƙasa, ta waiga, sai ga Yaya da jaka a kafaɗa da waya a hannu, fuskarta kamar an yi mata albishir. Ta sami motar safe, ta ce ba ta iya jira ba. Ta ɗaga wayar tana dariya, ta ce ga shi nan an nuna Baba yana kan matakala yanzu-yanzu, ina yake? Inna ta ce yanzu ya shige. Ta sa hannu a aljihu ta danne wayarta har ta mutu, suka hau tare, madaurin yana matse mata cinya a ƙarƙashin riga.

Suka tarar da shi a bakin gado, ya riga ya sa rigar aiki, ya taje gemu, ya rufe ƙafafunsa da bargo. Yaya ta durƙusa ta gaishe shi, ta riƙe hannunsa tana cewa ya rame amma fuskarsa ta yi kyau. Daga ƙasa aka fara jin ƙarar buɗe shago da hayaniyar tsofaffi, direba yana ɗaga murya yana cewa shi ne na farko a layi, duk wanda ya shiga gabansa za a ji su. Inna ta ce bari a sha shayi tukuna, ta ce rana ba ta yi ba, ta ce yanzu ya gama motsa jiki ya gaji. Mai Aski ya ce a miƙo masa ƙarfensa.

Ya tashi. Allah kaɗai ya san inda ya samo ƙarfin. Wandon mai faɗi ya rufe gwiwar, ya jingina nauyinsa duka a hannuwa, ya riƙa jan jiki yana yi wa Yaya hira don kada ta kalli ƙasa, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Inna tana biye da shi tana ganin gumin da ya jiƙa bayan rigar. Yaya ta ɗan yamutsa fuska ta ce ai ta zaci ya fi haka sauri, ya ce sabon tashi ne, in jini ya zagaya za ta gani. Suka fita baranda, suka kai bakin matakala. Daga ƙasa tsofaffi suka ɗago kai, wani ya fara tafi.

Ya saki ƙarfen dogarawa, ya kama na gefen matakala da hannu biyu. Inna ta san matakalar nan fiye da kowa a ginin yanzu. Ta san ta farko ta fi sauran zurfi, ta san bakinta ya goge yana santsi, ta san ƙarfen gefe yana girgiza a wurin da ƙusa ta fita. Ta ga ya ɗaga ƙafar mai lafiya, nauyinsa zai koma kan wadda yatsunta kaɗai ke ƙasa. Bai kalli matakalar ba, bai kalli 'yarsa ba, bango yake kallo.

Ta cafke rigarsa ta baya da hannu biyu ta ja shi jikinta, suka jingina da bango. Ta ce, “Ba zai iya ba. Bai taɓa yi ba.” Yaya ta ce me take nufi, ga shi a waya. Inna ta saki hannu ɗaya, ta tattare doguwar rigarta har saman gwiwa, a gaban 'yarta da maƙwabta da abokan mijinta, baƙin madaurin ya bayyana a cinyarta.

Tafin ya tsaya. Yaya ta daɗe tana kallon madaurin, sannan ta tambaya tun yaushe. Inna ta ce tun ranar kore ta farko. Ta jira a yi mata faɗa, ta ma so a yi. Sai Yaya ta jawo kujera daga ɗaki ta zaunar da mahaifinta, ta durƙusa ta kwance madaurin daga ƙafar uwarta, ta naɗe wandon uban. Da ta ga cinyar sai ta rufe baki da hannu. Ta zagaya cinyar da madaurin ta ja shi har ƙarshensa, ya zame ya sauko kan gwiwa. Ta sake ja, ya sake zamewa, babu naman da zai kama.

Ta koma gefe ta kira likita. Inna tana jin rabin maganar: e, ba ta miƙewa, e, tun farko, a'a, ko kaɗan. Da ta gama ta ce likita ta ce wannan ya wuce aikin gida, sai babban asibiti, kullum, na tsawon watanni, kuma ba ta yi alkawarin gwiwar za ta saki duka ba. Ta ce yau za su tafi, zai kwana a kan doguwar kujera kafin ta sake neman gado. Inna ta ce a ba ta wata ɗaya, ta rantse wannan karon ko zai yi kukan jini ba za ta tausaya ba. Ta ce to a tafi da ita, za ta kwana a ƙasa, a kicin, a baranda, ba ta cin abinci da yawa. Yaya ta share hawaye ta ce, “Inna, in kina kusa ba zai yi ba. Ke ma kin sani.”

Inna ta haɗa masa kaya da hannunta. Direba da wasu mutum biyu suka sauko da shi a kan kujerar, suna ta sannu-sannu, ba mai kallon fuskar wani. Aka wuce da shi ta gaban shagon da aka share aka goge madubi, bai juya ba. Aka sa shi a bayan mota, aka gyara masa ƙafar a kan jaka.

Ta leƙa ta taga tana gaya masa inda ta sa maganinsa da tabaransa, da cewa za ta riƙa kira safe da yamma, da cewa ya yi abin da aka ce ko da zafi. Maganar tana ta zuba don tana tsoron abin da zai zo in ta tsaya. Ya bari har ta gama, sannan ya ɗago ya dube ta, ba da fushi ba, da wata irin gajiya.

Ya ce, “Tsohuwa, kin yi shiru duk watannin nan. Yau ɗaya ce ta gagare ki?”

Yaya ta shiga gaba ta rufe ƙofa, motar ta tashi, Inna ta bi ta da ƙafa tana riƙe da gefen tagar har sai da ta fi ƙarfinta ta saki.